Yadda Injiniyoyi Suka Koyi Karanta Lokaci a Jijjigar Gini

Ranar 7 ga Nuwamba 1940, gadar Tacoma Narrows da ke jihar Washinton ta Amurka ta wayi gari tana hawa da sauka a cikin iska, kamar yadda ta saba tun da aka buɗe ta a watan Yulin shekarar. Da misalin ƙarfe goma na safe sai salon motsinta ya sauya. Ta daina tsalle ta koma murɗewa, gefe guda yana ɗagawa, ɗayan yana nutsewa. Bayan kamar awa ɗaya tsakiyarta ta rufta cikin ruwa. Ajalin gadar ya fara ne daga wannan sauyin salo. Sai dai kayan lissafin da aka fi dogaro da su a lokacin ba su iya nuna sa'ar da irin wannan sauyi ke aukuwa.

Kowane gini yana da nasa saurin kaɗawa, wato adadin kai da komowar da yake yi a daƙiƙa idan an girgiza shi. Nauyinsa da taurinsa ne ke yanke wannan adadi. Mai sayen tukunya ya san sirrin: yakan ƙwanƙwasa ta, in ta tsage sai amonta ya dushe. Haka gini yake. Idan ginshiƙi ya tsage taurinsa yakan ragu, kaɗawarsa ta yi sanyi. Raguwar kashi 10 cikin ɗari a saurin kaɗawa tana nufin an rasa kusan kashi 19 na tauri.

Hanyar tantance wannan kaɗawa ta samo asali daga Joseph Fourier, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa kan yaɗuwar zafi a 1822. Ya nuna cewa motsi mai sarƙaƙiya yana rarrabuwa zuwa igiyoyi masu sauƙi, kowacce da saurinta. A 1965 James Cooley da John Tukey suka fitar da dabarar da ta sa kwamfuta ke yin wannan lissafi cikin hanzari, ɗakunan gwaji kuwa suka rungume ta. Amma hanyar tana da gibi. Tana lissafa duk sautukan da makaɗin kalangu ya fitar a dare guda, ba ta faɗin wanda ya zo da farko ko wanda ya biyo baya. Lalacewar gini kuwa aukuwa ce mai lokaci.

Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari da ke aiki a Ingila, ya kawo mafita a 1946. Shawararsa ita ce a yanka saƙon gunduwa-gunduwa, a leƙa kowace gunduwa ta wata ƙaramar taga, sannan a jera sakamakon bisa lokaci. Ya kuma tabbatar da iyakar da ba ta ƙetaruwa: taga gajera tana bayyana lokaci amma tana dusashe saurin kaɗawa, doguwa kuma tana yin akasin haka. Dole mai bincike ya sadaukar da wani abu.

Gyaran ya fito daga masu neman man fetur. Jean Morlet, injiniya a kamfanin Elf Aquitaine na Faransa, yana aika girgiza cikin ƙasa yana sauraron amsawar duwatsu. Ya ga taga mai faɗi ɗaya ba ta ishe shi ba, sai ya ƙirƙiro guntuwar igiya mai miƙewa da tsukewa: ta tsuke domin kama motsi mai sauri, ta miƙe domin mai nawa. Shi da Alex Grossmann suka kafa mata tushen lissafi a 1984, Ingrid Daubechies kuma ta sauƙaƙa aiki da ita a kwamfuta a 1988.

Amfanin hakan ya bayyana a wani tsohon rikodi. Ranar 15 ga Oktoba 1979 girgizar ƙasa ta auka wa garin El Centro na Kaliforniya, ta farfasa ginshiƙan gefen gabas na wani benen gwamnati mai hawa shida, har daga baya aka rushe shi. Na'urorin auna jijjiga da ke jikinsa sun naɗi komai. Shekaru da dama bayan haka, masu bincike a Jami'ar Kudancin Kaliforniya suka bi rikodin da sababbin hanyoyin. Suka ga saurin kaɗawar benen yana faɗuwa yayin da girgizar ke gudana, suka kuma gano alamun karyewa kwatsam a na'urorin da ke kusa da inda ɓarnar ta fi muni.

Duk da haka, karatun yana buƙatar hattara. A 1998 aka lalata gadar Z24 ta Suwizalan da gangan, bayan an shafe kusan shekara ana auna ta. Sai aka tarar sanyin hunturu, ta hanyar daskarar da kwalta, yana sauya kaɗawarta fiye da wasu raunukan da aka yi mata. Saboda haka injiniyan da zai yanke hukunci ko mutane su koma cikin gini bayan girgiza, sai ya san halin ginin a rani da hunturu, kafin ya iya bambance sauyin yanayi da tsagewar ginshiƙi.