Ciki Kafin Aure: Inda Katolika da Furotesta Suka Raba Hanya

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi tsakanin masu nazarin addini a ƙasar Sakkwato, cewa idan yarinya Kirista ta yi ciki a gidan iyayenta, duk majami'u abu guda suke yi: a ɗaura aure da gaggawa a rufa asiri, kuma wai daga maƙwabtansu Musulmi suka aro wannan ɗabi'a. Ina ganin ra'ayin ya yi kuskure ta fuska biyu.

Ta farko ba ta buƙatar dogon bayani. Duk malamin zaure a Dandin Mahe ko Boɗinga ya san cewa a mazhabar Malikiyya ba a ɗaura aure a kan cikin zina, sai mace ta yi istibra'i, mai ciki kuwa sai ta haihu. Abin da maƙwabci ya haramta wa kansa ba shi za a ce an aro daga gare shi ba.

Ta biyu, wato cewa duk majami'u abu guda suke yi, ita ce ke da nauyi. Tun 1520 Martin Luther ya cire aure da tabbatarwa, wato ɗora hannun bishop a kan wanda aka yi wa baftisma, daga jerin sakramenti, Majalisar Trent ta Katolika kuma ta jaddada su cikin bakwai a 1547. Daga nan mutane ke zaton Katolika ce za ta fi matsa wa matasan su yi aure. Dokar ikkilisiyar ta 1983 akasin haka take nunawa. Yarda ce ke ƙulla aure (doka ta 1057), auren da aka shiga saboda tilas ko tsananin tsoro kuwa bai ƙullu ba (doka ta 1103). Tunda babu saki, fada, wato limamin Katolika, mai hankali zai yi ɗari-ɗari da ɗan shekara ashirin da kawunnan yarinya suka taso ƙeyarsa zuwa ofishin Ikkilisiya. Fafaroma Francis ma ya faɗa a 2016 cewa lokacin da yake babban bishop a Buenos Aires ya hana irin wannan auren gaggawa. Tabbatarwa kafin aure abin so ne, in dai ba za ta jawo babbar wahala ba (doka ta 1065), baftismar jariri kuma ba ta rataya a kan auren iyaye ba: yardar ɗayansu da kyakkyawan fatan za a rene shi cikin addinin sun isa (doka ta 868).

A ECWA, majami'ar Furotesta wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, tambayar ma daban ce. Babu tabbatarwa, babu baftismar jarirai. Abin da ke akwai shi ne horo: dattawa su zauna, a sanar a gaban jama'a, a dakatar da wanda ya faɗi daga jibin Ubangiji da ƙungiyar mawaƙa har sai an ga tuba. Anglikan tana tsakani, domin ta riƙe tabbatarwa a hannun bishop ba tare da ta daidaita ta da baftisma ba.

Mai wancan ra'ayi zai ce wannan duk takarda ce. A gari ƙarami uwa ba ta karanta dokar Roma, kunya take ji, kuma kunyar ce ke ɗaura auren ko a wace majami'a. Akwai gaskiya a nan, kuma dole in taƙaita da'awata. Ban ce kowane fada a Dayosis ɗin Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011, yana bin dokar sau da ƙafa ba. In da ana bi a ko'ina, da ofishin koyarwar Vatican bai sake tunatarwa a Disambar 2023 cewa kada a hana iyaye mata marasa aure karɓar jibi bayan sun yi ikirari ba. Abin da nake cewa shi ne yarinyar Katolika tana da hujjar da za ta riƙe ta ce a'a, kuma hujjar daga ikkilisiyarta ta fito. 'Yar'uwarta ta ECWA da ke ƙarƙashin horo tana da wata ƙofar, domin tuba ce ke ɗage horo. Damuwata ita ce cikin nata ne ake gani, shi kuwa saurayin sau da yawa yakan bar gari, sai ta zauna a bencin baya ita kaɗai.