Asalin Mutum-mutumin Kaboyi na Tagulla

Kaboyi makiyayin shanu ne na yammacin Amurka, wanda ke kiwo a kan doki. Sana'ar ta samo asali daga Sifaniyawa, waɗanda suka kai dawaki da shanu Meziko, daga can ta haura Texas. Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, shanu sun yi yawa a Texas har sun rasa daraja, alhali biranen gabas na neman nama ruwa a jallo. Sai aka riƙa ɗaukar samari haya su kora garken dubban shanu zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar wata biyu ko uku. Makiyayin Runka da ke bakin dajin Rugu yana gaba da sandarsa shanu na bin sa, domin sun san muryarsa. Kaboyi kuwa ɗan ƙwadago ne, shanun ba nasa ba ne, kuma rabinsu ba su saba da mutum ba, sai da doki da igiya.

Wannan zamani bai yi tsawon rai ba. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, manoma da masu filaye suka shinge makiyaya suka toshe burtali. Layin dogo ya isa Texas, sannan sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu bila adadin. Lokacin da abin ke gushewa ne attajiran birane suka fara begensa, suna neman abin da za su ajiye a falo ya tuna musu da shi.

Wanda ya biya musu bukata shi ne Frederic Remington, haifaffen jihar New York a 1861, mai zana wa mujallar Harper's Weekly hotunan sojoji da kaboyi da Indiyawan daji. A 1895 ya gwada hannunsa a yumɓu, ya fito da The Broncho Buster: doki ya yi tabarya, mahayin ya damƙe linzami da geza, bulala a ɗaya hannun, ƙafa ɗaya ta suɓuce daga likkafa. Tsayinsa bai wuce ƙafa biyu ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda nauyin doki da mutum ya tsaya a kan ƙafafun baya kaɗai. A 1898 dakarun Theodore Roosevelt suka ba Roosevelt kyautar guda, kuma wani ya daɗe a ofishin shugaban ƙasa a fadar White House.

Da farko kamfanin Henry-Bonnard ne ke zuba masa tagullar a mazubin yashi. Daga 1900 ya koma Roman Bronze Works, masu zubi da kakin zuma. A nan ana fitar da siffar da kaki, a lulluɓe ta da laka, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Maƙeran Igbo-Ukwu da Ife da Benin sun ƙware a wannan dabara ɗaruruwan shekaru kafin a san da New York. Amfaninta ga Remington shi ne yana iya taɓa kakin kafin kowane zubi, ya karkata wutsiya ko ya ƙara wa wandon mahayi gashi, saboda haka da wuya a sami biyu iri ɗaya sak. Siffofi 22 ya bari da ya rasu a 1909. Takwaransa Charles Russell, wanda ya yi kiwo da kansa a Montana, ya fi shi sanin shanu, amma bai kai shi kasuwa ba a lokacin.

Tara siffofin ya zama sana'ar masu kuɗi bayan mutuwar Remington. Amon Carter na Fort Worth ya tara da yawa, aka buɗe gidan adana su da sunansa a 1961. Masu saye suna kifa mutum-mutumin su duba lambar zubi da tambarin maƙera. Zubin da aka yi Remington na raye ya fi tsada, sai wanda aka yi kafin rasuwar matarsa Eva a 1918, wadda ta bar wasiyya a farfasa mazuban. Duk abin da ya biyo baya kwafi ne, kuma jabu ya cika kasuwa. Ana gane shi da dusashewar gashi da jijiyoyi, da kuma ɗan ƙanƙancewa, domin tagulla na tsukewa idan ta huce. A 2017 an sayar da zubin asali na kaboyi huɗu masu sukuwa suna harbi sama a gwanjon Christie's kan dala miliyan 11 da ɗoriya.