Belot: dabarun farko ga sabon ɗan wasa

Belot wasan karta ne da ya bazu a Faransa tun farkon ƙarni na 20, ya kuma samu gindin zama a fadodin matasa daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa da Damagaram. Mutum huɗu ke yin sa, biyu-biyu, kowa na zaune yana fuskantar abokinsa. Karta 32 ake amfani da su, daga 7 zuwa as, iri huɗu: pik, ker, karo da tirefil. Kowa na samun karta 8, don haka zubi 8 ake yi a kowane rabo.

Darajar karta

Irin da aka zaɓa ya fi sauran ƙarfi shi ake kira atu. A cikin atu, bale ke gaba da maki 20, sai 9 mai maki 14, as 11, 10 mai maki 10, sarki 4, dam 3. A sauran iri kuwa as ke gaba da 11, sai 10, sarki, dam, sannan bale mai maki 2 kacal; 9 ba ta da maki. Wanda ya ci zubin ƙarshe yana samun ƙarin 10, jimilla 162. Mai sarki da dam na atu a hannu ɗaya yana da ƙarin 20 idan ya furta "belot" da "rebelot" lokacin jefa su.

Yaushe ake ɗauka?

Bayan an raba karta biyar-biyar, ana buɗe ɗaya a tsakiya. Ɓangaren da ya ɗauke ta sai ya fi abokan hamayya maki, wato aƙalla 82 idan babu belot. In ya kasa, duka 162 ɗin sun tafi ɗaya ɓangaren. Nan ne sababbi suka fi faɗuwa, domin suna ɗauka da as da 10 na atu alhali bale da 9 na hannun wani. Hannun da ya cancanci ɗauka shi ne bale da wasu atu biyu, ko bale da 9 tare da as a wani iri. Wanda bai da haka gara ya wuce.

Fitar da atu

Atu 8 ne kawai, kuma ƙirga su shi ne rabin wasan. Misali, mai bale, 9 da 7 na ker ya san 5 na waje. Idan ya jefa bale kowa ya bi, saura 2. Sai ya biyo da 9. Da zarar abokan hamayya biyu sun kasa bi, sai ya tsaya, don abin da ya rage na hannun abokinsa ne. Bayan atu sun ƙare ne as da 10 na sauran iri ke wucewa ba tare da an yanke su ba.

Idan wasu suka ɗauka

Masu tsaro ba su cika fara jefa atu ba, domin yin haka aiki ne suke yi wa mai ɗauka. Sun fi fitar da as da wuri, ko su nace kan irin da mai ɗauka ba shi da shi, har ya ƙarar da atunsa wajen yanka. Ba a fara zubi da 10 matuƙar as ɗinta ba ta fito ba.

Aiki da aboki

Dole ne a bi irin da aka jefa. Wanda ba shi da shi sai ya yanka da atu, sai fa idan abokinsa ne ke cin zubin. A nan dama ta samu: in ya tabbata zubin na abokinsa ne, sai ya ɗora masa 10 da ke cikin haɗari, in na abokan hamayya ne, ya jefa 7 ko 8. Kartar da aka yar tana iya nuna irin da ake so aboki ya jefa, amma ma'anarta ta bambanta daga fada zuwa fada, don haka a daidaita kafin rabo. Ƙifta ido, tari ko taɓa ƙafa maguɗi ne, kuma su ne ke yawan tada gardama.

A ƙarshe, mai hikima yana ajiye atu ɗaya ko babbar karta don zubin ƙarshe. Idan ɓangare na da maki 75, waɗannan 10 ɗin ne ke raba nasara da asarar 162.