Asalin Ƙissar Laila da Majnun da Yadda Ta Ratsa Duniya

Wanda ya ji samari suna kiran abokinsu Majnun don ya zauce a kan budurwa, yana iya zaton daga siliman Indiya sunan ya fito, alhali kuwa ƙissar ta girmi silima da shekara fiye da dubu, kuma mahaifarta hamadar Najadu ce ta ƙasar Larabawa, inda aka ce a ƙarni na 7, zamanin daular Banu Umayya, an yi wani sha'iri daga ƙabilar Banu Amir mai suna Ƙaisu ɗan Mulawwahi, wanda ya tashi yana kiwon tumaki tare da wata yarinya ta danginsa, Laila, har shaƙuwar ƙuruciya ta rikiɗe ta zama abin da ya tafi da hankalinsa.

Abin da ya raba su shi ne ya fi ba ni tausayi a cikin labarin duka. A al'adar Larabawan ƙauye, idan saurayi ya ambaci sunan budurwa a waƙa har mahaya raƙuma suka ɗauka suna rerawa, iyayenta ba za su ba shi ita ba, domin yin haka tamkar gaskata zargin jama'a ne. Ƙaisu kuwa bai iya kame bakinsa ba. Saboda haka baitocin da suka dawwamar da sunan Laila su ne suka haramta masa aurenta. Aka ɗaura mata aure da wani, shi kuma ya faɗa daji, tufafi a yage, yana zama cikin bareyi, sai aka laƙaba masa Majnun, wato mahaukaci. An ruwaito cewa mahaifinsa ya kai shi Makka don neman waraka, ya umarce shi ya kama rigar Ka'aba ya roƙi Allah Ya cire masa wannan ciwo, shi kuwa da ya kama sai ya roƙi a ƙara masa.

Sai dai a wancan lokaci ba ƙissa ce mai farko da ƙarshe ba, ruwayoyi ne warwatse, kowace tana rataye da ƴan baitoci. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tara wasu a littafinsa na tarihin sha'irai, daga baya Abul Faraj al-Isfahani ya kawo su da isnadinsu a cikin Kitabul Agani, kuma saboda amanar ilmi bai ɓoye saɓanin maruwaita ba, har da masu cewa ba a taɓa yin Majnun ba, wani matashi ne ya ƙaga shi don ya fake da sunansa. Marubuci Jahizu ma ya lura cewa duk waƙar da ba a san mai ita ba, muddin akwai Laila a ciki, Majnun ake jingina wa.

Wanda ya haɗa waɗannan gutsattsari ya yi musu jiki guda ba Balarabe ba ne. A shekarar 1188, wato 584 bayan Hijira, Sarkin Shirwan, Akhsitan, ya aika wa Nizami, sha'irin birnin Ganja da ke ƙasar Azarbaijan ta yau, cewa ya tsara labarin da harshen Farisanci. Nizami da kansa ya faɗi cewa da fari ya yi nauyin jiki, domin ga rairayi da duwatsu da kuka, babu lambu, babu fada, babu shagalin da mawaƙi zai baje kolin fasaharsa. Ɗansa Muhammadu ne ya ƙarfafa masa gwiwa. Cikin ƙasa da wata huɗu ya kammala baiti sama da 4,000. Ya ɗauke yaran daga makiyaya ya zaunar da su a makaranta, ya kewaye Majnun da namun daji, masu farauta da abin farautarsu wuri guda ba mai cutar wani, ya kuma ba Laila baki, ta rubuta wasiƙa tana nuna cewa shi yana da daji da zai yi kururuwa a ciki, ita kuwa tsakanin bango huɗu take haɗiye nata. A ganina nan ne ya fi maruwaitan farko adalci, domin su idonsu yana kan namijin ne kawai.

Daga nan Sufaye suka karɓa, suka ga Majnun misali ne na muridin da ya kai ga fana'i, wanda ba ya ganin komai sai abin ƙaunarsa, har sunan Laila ya zama ishara ga Zatin da ake bege. Amir Khusrau ya sake tsara ƙissar a Delhi a 1299, Jami a Harat a 1484, Fuzuli kuma da Turkanci wajen 1535, kowannensu yana gwada alƙalaminsa da na Nizami, kamar yadda malamanmu ke yi wa ƙasidar magabata tahamisi.

Zamani da ya juya, sai ta hau dandali. An nuna ta da kiɗa da waƙa a Baku a 1908, Ahmad Shauƙi na Masar ya mayar da ita wasan kwaikwayo cikin waƙa, masu silima na Bombay kuma suka yi ta maimaita ta, har zuwa fim ɗin 1976 wanda Rishi Kapoor ya fito a Majnun. Ta haka ƙissar ta iso ƙasar Hausa ta ƙofa biyu: almajirin da ya zurfafa a adabin Larabci ya gamu da baitocin Ƙaisu a zauren malaminsa, ɗan birni kuma ya gan shi da dare a allon silima, sanye da tsumma, yana kiran Laila da harshen Indiya.