Haɗa Kaso Masu Lambar Ƙasa Daban-Daban: Tarihinsa a Lissafin Gado

Haɗa kaso biyu da lambar ƙasansu ta bambanta, kamar 1/8 da 1/6, yana buƙatar a fara nemo lamba ɗaya da kowannensu zai shiga ba saura. A makarantun boko na Sabon Garin Gusau ana koyar da wannan tun a firamare, malamai na kiran lambar da LCM. Amma dabarar ta riga boko zuwa ƙasar Zamfara da daɗewa. A zauren malamai sunanta asalin mas'ala, kuma rabon gado ne ya kawo ta.

Tsofaffin Misirawa sun yi fama da wannan lissafi. Takardar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cike take da kaso masu ɗaya a sama. Littafin lissafin Sin mai babi tara ya kawo ƙa'idar haɗa kaso, haka ma Brahmagupta na Indiya a 628. Layin da ake ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa kuwa ya bayyana a rubutun Al-Hassar, masanin Magrib na ƙarni na 12, Fibonacci kuma ya shigar da shi Turai a littafinsa na 1202 bayan ya yi karatu a Bijaya ta Aljeriya.

Abin da ya mayar da haɗa kaso ilimin dole ga Musulmi shi ne Suratun Nisa'i, ayoyi na 11, 12 da 176, inda aka yanka kaso shida: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Da wuya mamaci ya bar magada masu kaso iri ɗaya, don haka alƙali ba shi da makawa sai ya haɗa. Wani babban sashe na littafin aljabara da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen 820 ma a kan wasiyya da gado yake.

Ilimin ya shigo ƙasar Hausa ta littattafan Malikiyya: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil da aka rufe da babin gado, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wadda alƙalai ke riƙe da ita. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tana cikin garuruwan da suka yi suna da malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Ilimin hisabi ma ba baƙo ba ne a yankin, domin Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi kan lissafin hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Malaman gado sun taƙaita aikin. Tunda kason shida ne kawai, asalin mas'ala ba ya wuce ɗaya daga lambobi bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Ɗalibi yakan dubi lambobin ƙasa biyu ya tambayi yadda suke da juna. In iri ɗaya ne, kamar 6 da 6, tamasuli ke nan, sai a ɗauki ɗaya. In ƙaramar na shiga cikin babbar, kamar 3 da 6, tadahuli ne, a ɗauki babbar. In ba abin da ya haɗa su, kamar 3 da 4, tabayuni ne, a ninka su a sami 12. Na huɗun, tawafuƙi, shi ya fi ba ɗalibai wuya: 8 da 6 duka suna da rabi, sai a ninka rabin ɗaya da ɗayar, 4 sau 6, a sami 24.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, kuma bayan an cire kuɗin likkafani da bashi da wasiyya saura naira 2,400,000. Matar tana da tumunin takaba, uwa sudusi. Asali 24: mata kaso 3, uwa kaso 4, jimla 7, ɗan ya kwashe 17 da suka rage. Kowane kaso naira 100,000 ne. Yaron da ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya rubuta 2/14, a aji maki kawai zai rasa. A gaban alƙali kuwa haƙƙin gwauruwa ne zai salwanta.

Wani lokaci jimlar takan zarce dukiyar. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma sulusi biyu, wato 3 da 4 cikin 6, jimla 7. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar aka fara fuskantar irin wannan, aka yanke a ɗaga asalin daga 6 zuwa 7 don ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Wannan shi ne auli. Ibn Abbas bai yarda da shi ba, amma mazhabobin Sunna huɗu sun karɓa. Asali uku kaɗai ke yin auli: 6 yakan kai har 10, 12 yakan koma 13, 15 ko 17, sai 24 da ke komawa 27. Misalin na ƙarshe shi ne Minbariyya, mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, wadda ake danganta warware ta ga Sayyidina Ali yana kan mumbari. A nan kaso 3 na matar cikin 27 ya zama ɗaya bisa tara.

Kuɗin Turawa ya dace da wannan lissafi fiye da yadda ake zato. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, fam ɗaya kwabo 240 ne, yana rabuwa gida 24 ba saura. Sudusin sule kwabo biyu ne, rubu'insa taro, rabinsa sisi. Naira da ta zo ranar 1 ga Janairu 1973 kwabo 100 ce, ba ta rabuwa uku, shi ya sa sulusi yake barin ɓurɓushi ko da an danna kwakuleta.

Kotunan yanki sun riƙa raba gadon Musulmi bisa Malikiyya tun kafin a kafa Jihar Zamfara a 1996, kuma faɗaɗa shari'a da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999 bai taɓa wannan lissafi ba. Inda aikin yake tsayawa a yau, a Gusau ko Bunguɗu, shi ne dukiyar da ba ta yankuwa. Gida ko shago ko gona sai an yi masa ƙima da kuɗi tukuna, sannan a raba kuɗin bisa asalin mas'alar, wani magaji ya biya sauran ko a sayar.