Laifin mai shayi ne ko na ganye? Tarihin abin da ke cikin kofinmu

Wannan shi ne rubutaccen shirin wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Yau a teburin mai shayi za mu zauna, daga nan Gyallesu zuwa Tudun Wada da ƙofar Kongo, inda ɗalibai da 'yan Keke Napep da masu gadi ke karya kumallo, wasu ma nan ne abincin darensu.

Duk wanda ke zama a teburin nan ya san ƙorafe-ƙorafen. Wani ya ce ganyen yanzu kala ake zuba masa. Wani ya ce mai shayi na saka wani abu don a riƙa dawowa. Wani ya ce koren shayi magani ne, baƙin kuma guba. Wani kuma ya rantse cewa shayi abin Turawa ne. Na ga ya kamata mu bi su ta tarihi, don kusan duk tuhumar kan mutum ɗaya take sauka, alhali shi ne na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta a wannan doguwar sana'a.

Mu fara da sunan. Kalmar "shayi" ba daga bakin Bature ta zo mana ba. Larabci ce, su ma Larabawa sun karɓo ta daga Farisa, asalinta kuma "cha" ta mutanen Sin. Shi Bature "ti" yake cewa, domin 'yan kasuwar Holan sun ɗauko tasu kalmar daga masu wani karin harshe na gaɓar tekun Sin da ke cewa "te". To kun ga, harshenmu da kansa ya ba da shaida: ta hannun Larabawa da mutanen Sahara muka fara sanin abin nan. Koren ganyen Sin ya yi ƙarfi a Maroko a ƙarni na 19, kuma masana tarihi da dama na danganta yaɗuwarsa da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da 'yan kasuwar Ingila suka rasa wasu kasuwanninsu suka karkato da kaya tashoshin Maroko. Daga nan ya bi ayari ya shiga Sahara, ya zama shayin Buzaye da muka sani: 'yar buta a kan gawayi, ƙananan kofunan gilashi, zubi uku.

Wanda Bature ya kawo shi ne ɗaya salon, baƙin shayi da madara da sukari. Wannan ta teku ya zo, ya hau jirgin ƙasa da ya iso Zariya da Kano a wajajen 1911, ya sauka a kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC. Shi ya sa teburin mai shayi ya fi kafuwa a unguwanni irin Sabon Gari da Tudun Wada, wuraren ma'aikata da leburori da baƙi, mutanen da ke fita aiki da sassafe ba su da mai dama musu koko a gida. Da makarantu suka cika wannan yanki, Kongo da kwalejin horar da malamai da aka buɗe a 1962, sai ɗalibai suka zama manyan kwastomomi. Indomie da ƙwai kuwa baƙi ne na baya-bayan nan, a shekarun 1990 suka samu wurin zama a teburin.

Yanzu maganar kore da baƙi. Jama'a, bishiya ɗaya ce. Bambancin a sarrafawa yake. Idan aka tsinko ganye aka yi maza aka gasa shi ko aka turara shi, sai ya tsaya a kore. Idan aka murje shi aka bar iska ta ratsa shi, sai ya yi duhu, kamar yadda yankakken dankali ke canza launi in an bar shi a buɗe. Kada mu ji kunya, Turawa ma sun daɗe suna zaton bishiyoyi biyu ne. Wani ɗan Sikotilan mai suna Robert Fortune, wanda kamfanin East India ya tura Sin a 1848 ya yi shigar burtu ya kwaso iri da sirrin sarrafawa zuwa Indiya, yana cikin waɗanda suka tabbatar musu cewa ɗaya ce. Sata ce tsagwaronta, amma yau ba ita ta tara mu ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake amfani da wannan rashin sani a cuci 'yan'uwanmu mata. A Instagram da WhatsApp za ka ga ana tallar "shayin rage tumbi" da kuɗi masu kauri. Koren ganyen da ke ciki, in ma akwai shi, ɗan'uwan wanda Buzu ke dafawa ne a bakin shago, irin mai lamba 3505 ko 41022 a jikin kwali, lambobin da ke nuna ajin ganyen daga Sin. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗen kuma ana saka musu ganye mai sa zawo, dangin filasko. Mutum ya yi ta zarya banɗaki, sikeli ya nuna ya ragu, alhali ruwan jikinsa ne ya tafi, kitse na nan daram. Ko lambar NAFDAC ba a dubawa.

Zargin kala fa? A nan sai mu yi adalci, zargin yana da tushe a tarihi. A Ingila ta ƙarni na 18 harajin shayi ya kai kashi 119 cikin ɗari, sai 'yan fasa-ƙwauri da 'yan algus suka cika kasuwa. Ana busar da ganyen da aka riga aka dafa a sake sayarwa, ana haɗawa da ganyen wasu bishiyoyi, har da kashin tumaki don launi. Sai a 1784 gwamnatin William Pitt ta sauke harajin zuwa kashi 12.5, fasa-ƙwaurin ya durƙushe. Shi ma Fortune ya ga yadda ake rina koren shayin da za a kai Turai da wani shuɗin sinadari, don masu saye sun fi son su ga ya yi shar.

Amma jan da kuke gani yana fita da sauri daga ƙunshin Lipton ko Top Tea yana da wani dalilin. A farkon shekarun 1930, a Assam ta Indiya, William McKercher ya ƙera injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga shi ya dunƙule shi ƙanana, ana kiran tsarin CTC. Ganyen da aka niƙe haka yakan saki launi da ɗaci cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake cika 'yan jakunkunan shayi da shi. Mai son gwadawa ya zuba ganye a ruwan sanyi. Na gaskiya a hankali yake sakin launi, wanda aka rina kuwa nan take zai zubar. Ku matsa lemun tsami ku ga shayi ya washe, ku jefa 'yar kanwa ku ga ya yi duhu. Halin ganyen ne haka.

Shi kuma "abin da ake sakawa don a dawo", Allah ne ya saka shi a ganyen: sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da gahawa. Wanda ya saba, in ya rasa sai kai ya yi ciwo. Na san muna da matsalar shaye-shaye, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, kuma akwai matasan da ke jefa ƙwaya a kofinsu. Amma a ɗauki wannan a yi wa duk masu shayi kuɗin goro, zalunci ne. Mutum ne da ke hura wuta tun kafin asuba, ya ba ɗalibi bashi har ƙarshen wata.

Inda ya kamata a yi ƙorafi, nan ne muka yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, in ya sauka rabin haka ma ya fi. Ƙirga abin da kake cewa a zuba maka a "kauri" ɗaya, ga Bournvita ga madara, sannan ka sha lemon kwalba da rana. Na biyu, shayi mai ƙarfi tare da abinci yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Sai tsada. Ana cewa mai shayi ya ƙara kuɗi don son zuciya. Dubi teburinsa: alkamar burodi daga waje, garin madara galibi daga waje, ɗanyen sukari daga Birazil ake kawo mafi yawansa a tace a Legas, ganyen kansa akasari shigo da shi ake yi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kowane ɗayansu ya tashi. Ko sunan Lipton da muka mayar sunan kowane ganye, kamfanin Unilever ya sayar da sashen shayinsa ga masu zuba jari na CVC kan yuro biliyan 4.5, cinikin da aka kammala a 2022. Babu wanda ya tambayi ra'ayin mai teburin Gyallesu.

Abin takaicin, muna da ƙasar shayi. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, akwai gonar shayi da masana'anta a Kakara tun shekarun 1970, masu yin Highland Tea, ga kuma reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa a Kusuku da ke nazarin shayi. Kenya ta dasa bishiyarta ta farko a Limuru a 1903, yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, kasuwar gwanjon Mombasa kuma manyan kamfanonin duniya ke zuwa saye. Mu kuwa har gobe akwai masu digiri a cikinmu da ke zaton shayi ba ya fitowa a Najeriya. Gobe da safe in ka zauna a benci, ɗauki kwalin ganyen da mai shayinka ke amfani da shi, juya bayansa ka karanta inda aka noma shi da inda aka ƙunsa shi, ka rubuto mana abin da ka gani.