Mene ne 'yaƙin ruhaniya' a wurin Kiristoci?

A majami'un Dutse, kamar sauran sassan Najeriya, akan ji masu wa'azi suna kiran mabiya zuwa ga yaƙin ruhaniya. Ba da mutane ake yinsa ba, da Shaiɗan ne da miyagun ruhohi.

Tushensa na cikin wasiƙar Bulus ga Afisawa, sura ta 6, inda aka kamanta bangaskiya da garkuwa, maganar Allah kuma da takobi.

Makaman su ne addu'a, da azumi, da karanta ayoyin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932.

Sai dai wasu limaman coci na gargaɗi kan ɗora wa aljanu kowace cuta, har maras lafiya ya ƙi zuwa asibiti.